Yadda Ake Sa LibreOffice a Kwamfutar Ofis

Akawuna da yawa sukan karɓi Microsoft Office na sata a filashi daga hannun masu gyara, watau wanda ba shi da lasisi. Wannan ganganci ne, gama irin wannan kofe yakan zo da ƙwayar cuta mai iya lalata takardun ofis kaf, har da lissafin albashi. Ofishin da ba shi da halin sayen lasisi yana da wata hanya ta halal, ita ce LibreOffice. Wata ƙungiya mai suna The Document Foundation, wadda mazauninta ke Jamus, ita ta soma aikinta a 2010, kuma kyauta take ba da ita. A cikinta akwai Writer don wasiƙu, da Calc don lissafi, da Impress don allunan jawabi.

Da fari sai akawu ya duba irin Windows da ke kan kwamfutarsa, domin fitowar LibreOffice ta watan Agusta 2025 ta daina aiki a kan Windows 7 da 8.1. Sa'an nan ya sauko da fayil ɗin daga shafin ƙungiyar kanta, ba daga wani wuri dabam ba. Sunansa yana ƙarewa da .msi, nauyinsa kuwa ya haura megabait 300. Saukewa ɗaya ta isa ofis duka, sai a kwafa a filashi mai tsabta a bi sauran kwamfutoci da shi.

In ya latsa fayil ɗin sau biyu, Windows za ta nemi izni. Idan ba shi ne mai ikon kwamfutar ba, lalle ne a kira mai riƙe da kalmar sirri. Daga nan ya zaɓi Typical, ya latsa Install, ya dakata. Kada a fara wannan aiki sa'ad da wuta ke rawa, don in ta ɗauke a tsakiya, wataƙila sai an sake tun daga fari.

Saura abu guda da kan rikitar da sababbin hannu. Writer tana buɗe takardun Word, amma nata takan ajiye su da .odt. Wasiƙar da za a aika wa ofishin da ke aiki da Word, gara a ajiye ta da .docx, kana a sake buɗe ta a duba ko layuka da jadawali sun zauna daidai. Wadda karantawa kaɗai za a yi, a mai da ita PDF kafin a aika.