Koyar da Lambar π da Awon Da'ira Cikin Hausa: Darasi Daga Kayan Gargajiyar Kabi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara karantar da yara da harshen uwa, sai dai lissafi na cikin darussan da suka fi fama da ƙarancin keɓaɓɓun kalmomi. Wannan maƙala ta ɗauki awon da'ira a matsayin misali, ta dubi kalmomin da suka dace da shi, sannan ta kawo tsarin darasi da kayan da ɗalibin Argungu ko Birnin Kebbi ya buɗi ido ya gani.

2.0 Matsalar Kalmomi

Kalmar "da'ira" aro ce daga Larabci, kuma ta zauna daram. Matsalar tana ga sassanta. "Kewaye" na nufin layin da ya zagaye abu, yana nufin yankin da ke maƙwabtaka da gari, kana ana sakaya sunan makewayi da shi. Don haka ya fi dacewa a riƙa cewa "kewayen da'ira" a cike. Layin da ya ratsa tsakiya daga gefe zuwa gefe kuwa, ana ba da shawarar kiran sa "faɗin tsakiya", rabinsa kuma "rabin faɗi". Kalmar "tsakiya" dole ce, domin duk layin da ya kauce mata ya gaza faɗin da ake nufi.

3.0 Mece ce π?

Idan aka raba kewayen kowace da'ira da faɗin tsakiyarta, amsa ɗaya ake samu: 3.14159 da ɗoriya. Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin Miladiyya, ya nuna cewa lambar tana tsakanin 223/71 da 22/7. Al-Khawarizmi ya kawo 3.1416 a ƙarni na 9, sannan a 1424 Al-Kashi ya kai ta gurbi 16 bayan ɗigo a Samarƙandi. William Jones ne ya sa mata alamar π a 1706, kuma a ƙarni na 18 Lambert ya tabbatar da cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da rabonsu zai ba da ita cif. Ashe ke nan 22/7, wato 3.14285, kusanci ne kawai. Malamin da ya ce "π ita ce 22/7" ya dasa kuskure. Abin da ya dace ya ce shi ne "π ta kusa 22/7".

4.0 Tsarin Darasi

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ya sa kowane yaro ya san goran da masunta ke shiga Matan Fada da shi. Malami ya tanadi gora da faifai da ƙwarya da murfin tukunya. Ɗalibai su auna kewayen bakin kowanne da zare, su auna faɗin tsakiya, su raba. Faifai mai faɗin santimita 28 zai ba da kewaye kusan 88. Amsoshin za su ɗan saɓa, domin bakin gora ba cikakkiyar da'ira ba ne, zare kuma yana miƙewa. Kada a ɓoye wannan saɓani, a bar su su gano da kansu cewa duka amsoshin suna dab da uku da 'yar ɗoriya.

Bayan haka a nuna musu amfanin ɗoriyar. Zoben rijiya mai faɗin mita 1.4 yana buƙatar rodi mita 4.4 kafin ya zagayo. Wanda ya ninka faɗin sau uku kawai zai yanka mita 4.2, ya tarar da giɓin santimita 20, ƙarfe kuma ya riga ya yanku.

5.0 Kammalawa

Kabawa sun daɗe suna gina rumbu da haƙa rijiya da awon kamu da taƙi da gaba. Ma'aunin bai sauya π, tunda rabo ce: ko da taƙi aka auna kewaye da faɗi, amsar ɗaya ce. Abin da ya rage shi ne daidaita kalmomi. Ya kamata masana Hausa da malaman lissafi a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su haɗu su gwada waɗannan kalmomi a aji kafin a shigar da su littattafai.