Amsoshin Tambayoyinku: Haihuwar Awaki a Ƙarshen Hunturu

Hajiya mai tambaya daga Gusau: Akuya na ɗaukar ciki wata 5, kusan kwana 150. A makonni 6 na ƙarshe 'ya'yan suke yin girma sosai, ga shi ciyawa ta bushe, don haka a ƙara mata harawar wake da dusa, musamman jar akuyar Sakkwato mai yawan tagwaye.

Ki ware mata wuri, a kare shi da zana saboda iskar asuba, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. In hantsa ta cika, haihuwa ta kusa. Da zarar ɗan akuyar ya faɗo, a goge hancinsa, a sa aidin a cibiya, ya sha dakashi nan take. In naƙuda ta yi tsawo, a kira malamin dabbobi.