Darasin Juma'a: Aiki Ya Samu a Ƙasar Waje, A Tafi da Iyali Ko A Bar Su?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Darasinmu na yau ya taso ne daga tambayar da aka kawo mana makon jiya bayan La'asar. Wani ɗanmu ne haifaffen nan Sabo, mahaifinsa ya daɗe yana dillancin shanu kafin Allah ya yi masa rasuwa. Yaron ya yi karatu ya zama injiniyan lantarki, yanzu wani kamfani a Jubail, can gabashin Saudiyya, ya aiko masa da takardar ɗaukar aiki. Yana da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyarsa kuma ta manyanta, a gidansa take. Ya ce mana: "Malam, in kwashe su mu tafi, ko in tafi ni kaɗai, ko in haƙura?" Ya yarda mu yi maganar a nan ba tare da kama suna ba, tunda gidaje da yawa cikinmu wannan tambaya na jiransu.

Mu dai ba baƙin ƙaura ba ne. Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan, goro da shanu suka kawo kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato. Su kuwa sun bambance tafiya iri biyu: cin rani, wato namiji ya zo ya nema ya koma kafin damina, da ƙaura, wato a ɗauko mata da yara a kafa gida. Wanda zai fita waje ya fara sanin wacce zai yi. Ya kuma tuna cewa daga nan in an yi rasuwa a Arewa, motar dare za ka hau, gobe kana wurin gaisuwa. Daga can sai da izinin fita da dawowa, da tikitin jirgi, da yardar kamfani.

A addini tafiya neman halal ba laifi ba ce, tafiya da iyali ma tana da asali. A hijirar Habasha Sayyidina Usman ya tafi da matarsa Nana Ruƙayya, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tafi da Asma'u 'yar Umais, can suka haifi ɗansu Abdullahi, ba su iso Madina ba sai shekara ta 7 bayan hijira. Abin dubawa shi ne haƙƙoƙin da ke wuyan mai tafiyar. Ga abubuwa huɗu.

Na farko: a yi lissafi irin na 'yan kasuwa

Duk ɗan kasuwa ya san cinikin rana daban, riba daban. Albashin waje in aka juya shi zuwa naira sai ya ɗauke wa mutum hankali, musamman tun Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. To amma da kuɗin can za ka biya haya da cefane. Abin da ya rage bayan an fitar da komai, shi ne naka.

A Saudiyya baƙon ma'aikaci yana biyan haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa. An fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai riyal 400 a 2020. Ɗan namu, da mata da yara uku, riyal 1,600 ke nan kowane wata, 19,200 a shekara, tun ba a sa tukunya a wuta ba. Makarantun gwamnati da Larabci ake karatu, masu koyarwa da Turanci kuma na kuɗi ne, masu tsada. Wanda Ingila ce ta kira shi, akwai kuɗin lafiya da ake biya tare da biza: tun Fabrairun 2024 fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro. Mutum biyar irin wannan gida fam 4,398 a shekara, kuma na duk shekarun bizar ake biya lokaci guda.

Saboda haka a karanta kwantiragi layi-layi. Wa zai biya gida? Wa zai biya makarantar yara, da inshorar lafiya, da tikitin hutu? Abin da aka faɗa a waya ba a rubuta ba, a ɗauka ba a faɗa ba. Injiniya kuma ya sani, rajistarsa ta COREN ta nan ce. Can sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya kafin takardunsa su kammala.

A yi hattara da ejan. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya saya maka aiki, ko ya ce ka shiga da bizar Umara "a gyara daga baya", zaman takari yake kai ka, na ɓuya da fargabar kamu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyu: zamanka a hannun wa yake?

Mun san tsarin mai masauki a nan Sabo: baƙo ya sauka, maigida ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki. In sun ɓata, baƙo ya koma wani gida, ba wanda zai kore shi daga Ibadan, domin ƙasarsa ce. Can kuwa iƙamarka tana rataye da aikinka, ta matarka da yaranka tana rataye da taka. Gyaran dokar da Saudiyya ta yi a Maris 2021 ya sauƙaƙa canza kamfani, amma in aiki ya ƙare ba a samu wani ba, tattara kaya za a yi, ko da yara suna tsakiyar zangon karatu. Ɗan da aka haifa wa baƙo a can bai zama ɗan ƙasa ba. A Ingila ma wanda ya rasa aiki galibi kwana 60 ake ba shi ya nemi wani ko ya fita. Mai mata biyu kuma ya sani, dokar Ingila mace ɗaya take ba shi damar shiga da ita. Ina adalci zai tsaya? A amsa wannan tun a gida.

Wasu sukan ce, ai Saudiyya ce, kullum muna Harami. Daga Jubail zuwa Makka ya haura kilomita 1,000, Hajji kuma ko mazaunin ƙasar sai da izini.

Na uku: uwa da mata suna da magana

Wani sahabi ya zo neman izinin fita jihadi, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya amsa sai ya mai da shi ga hidimarsu. In jihadi ya jira iyaye, albashi fa? Wannan bai hana tafiya ba, sai dai a samu yardar uwa ta gaskiya, a kuma san wanda zai kai ta asibiti da dare. Mun san iyayenmu mata da kawaici. Za ta ce "je ka, Allah ya yi albarka" alhali zuciyarta na kuka. A tura ƙanwarta ko aminiyarta ta ji ainihin abin da ke ranta. Kuɗin da ake turowa yana sayen magani, amma ba ya ɗaga tsohuwa daga shimfiɗa.

Ita ma uwargida ba kaya ba ce da za a ɗaure. Malamanmu na Malikiyya sun sa sharuɗɗa ga mijin da zai yi tafiya da matarsa: hanya da garin su zama da aminci, shi kansa ya zama amintacce a kanta, kada kuma labari ya yanke tsakaninta da danginta. A nan tana da maƙwabta, da Islamiyya, da biki da suna, wataƙila da 'yar sana'arta ta cikin gida. Can za ta wuni a ɗaki da yara, ba ta jin harshen gari, miji yana wurin aiki. A gaya mata wannan ƙarara, a saurare ta. Barinta a nan shekara da shekaru shi ma cutarwa ne. Sayyidina Umar ya hana a riƙe mayaƙa nesa da matansu fiye da 'yan watanni. Yara kuma, a nan unguwa ke koya musu Hausa da gaisuwa da allo. Can wannan aiki duk ya dawo kan uwa da uba.

Na huɗu: shawara, sannan istihara

A nemi wanda ya zauna a garin da iyalinsa, a tambaye shi nawa yake kashewa, me ya fi ba shi wahala. Bayan an gama bincike sai a yi istihara: raka'a biyu na nafila da addu'ar da Jabir ya ruwaito. Ba sharaɗi ba ne a yi mafarki. Ka nufi abin da ka ga ya fi, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa, in ba haka ba ya kawar da shi.

Ga abin da muka ce wa ɗan namu. Ya tabbatar da kamfanin da kansa. In ya tabbata, ya fara tafiya shi kaɗai ya wuce wa'adin gwaji, wanda yakan kai kwana 90, wani lokaci 180. Gani ya kori ji. Kada ya sayar da gida ko fili don kuɗin tafiya, ya kuma ajiye kuɗin tikitin dawowar kowa da kowa a gefe. Ya zauna da 'yan'uwansa a rubuta wanda zai riƙe Hajiya da abin da kowa zai kawo. Ya yanka wa matarsa wa'adi sananne: ko ta biyo shi, ko ya dawo. In kuwa ba a samu mai riƙon tsohuwa ba, ya haƙura. Wanda ya buɗe wannan ƙofa yana da wasu.

Mai irin wannan tambaya ya same mu bayan La'asar, mata kuma su aiko ta hannun malamar Islamiyya. Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ya ba mu albarkar iyaye, ya tsare matafiyanmu. Amin.