Daga Amfani Zuwa Ado: Dawowar Kayan Gargajiya Cikin Jere da Suturar Biki

Jeren ɗakin amarya ma'auni ne na sauyin al'adar Bahaushe. Da farko ƙorai ake jerawa, sannan tasoshi, sai kwalla da langa, daga bisani tangaran cikin kabet. A yau abin ya juyo: faifai, akushi, ludayi da tabarmar kaba sun shiga falo, saƙi kuma ya koma jikin amare a bikin da ake kira "ranar ƙauyawa".

Sai dai dawowar ta sauya matsayin kayan. Faifan da aka rataya a bango ya daina rufe ƙwarya. A ƙauyukan Talata Mafara, Bakura da Maradun kuwa, har yanzu cikin ƙwarya ake dama fura, kuma don aiki ake sayenta a kasuwar Mafara ranar Talata. Abin da ɗan birni ke bege shi ne rayuwar yau da kullum ta manomin Damaga. Kalmar "ƙauyawa" kanta tana nuna wannan tazara.

Ado yana adana siffa, amma ba ya riƙe ilimin gyartai da masaƙa, balle sunaye irin su masaki, ƙoƙo da zunguru. Wajibi ne manazarta su taskace su tun masu sana'ar suna raye.