Sunan Da Ya Kamata Ka Kira Mace Da Shi

Ya kai mai karatu, ka lura da wannan: Bahaushe mai tarbiyya ba shi kiran babbar mace da sunanta na yanka. 'Yar'uwar ubansa Gwaggo ce, 'yar'uwar uwarsa Inna ce, wadda ta girme shi cikin ɗaki ɗaya Yaya ce. Tsohuwa kuwa da ya tarar a bakin rijiya, ko da bai taɓa ganinta ba, sai ya ce mata Iya. Da kalman nan guda ya shigar da ita cikin danginsa, ya kuma ɗora wa kansa nauyin ganin girmanta. Har idan an raɗa wa jaririya sunan kakarta, uban ba shi iya furta shi, gama sunan mahaifiyarsa ne. Sai a yi mata laƙabi, a ce Ummi ko Mama.

Akwai waɗansu sababbin masu bi da suke tsammani, tun da sun shiga sabuwar hanya, sun kuɓuta daga kunya irin ta iyayensu. Sai ka ji saurayi ya ambaci surukarsa da suna gatsal a gaban jama'a. Wannan kuskure ne babba, mutanen gari kuwa za su ce bangaskiyarsa ce ta koya masa rashin ladabi. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5, ya umurce shi ya ɗauki tsofaffin mata kamar iyayensa, ƙanana kuma kamar ƙannensa, da zuciya tsattsarka. Ashe Iya da Yaya ba abin yarwa ba ne.

Sunayen sarauta suna bukatar hankali. Magajiya sarauta ce tsohuwa, da ita aka san sarauniyoyin Daura na dā, kamar yadda Gobirawa suke da Innarsu a gidan sarki. Amma a garuruwa da yawa an riƙa kiran shugabar gidan karuwai Magajiya. Saboda haka kada ka jefa wa mace sunan nan sai ka san sarautarta ce. Hajiya kuma asalinsa na wadda ta je aikin hajji ne, yau kuwa ana ba kowace mace mai dukiya. Abin kunya ne mutum ya durƙusa wa mai zinariya yana Hajiya, Hajiya, kāna ya juya ya ce wa mai tallan fura, ke!

Mafi muni duka su ne sunayen da ke tona rashin mace: bazawara ga wadda aurenta ya mutu, juya ga wadda ba ta haihu ba. Ta san halin da take ciki tun ba ka faɗa ba, kuma sau da dama ba laifinta ba ne. Kada su fito daga bakinka, ko da cikin wasa, ko a bayan idonta.

Idan ka shiga baƙon gida, ka yi sallama, ka kasa kunne ka ji yadda mutanen gidan suke kiran kowace mace, Uwargida ko Amarya ko Malama. In ba ka ji ba, ka tambayi yaro a zaure kamin ka buɗe baki.