Injin Jirginka Yana Bakfaya? Saurara Kafin Ka Ɗauki Sifana

Babu abin da ke tsinka zuciyar matuƙi kamar injin ya buga "fau!" a tsakiyar kogi, ga fasinja ga kaya. Da yawa da zarar sun ji haka sai su ce bawul ne, su hau kwance injin. Wani lokacin bawul ɗin ne, amma sau da yawa ba shi ba ne. Wurin da ƙarar ta fito shi zai nuna maka inda za ka fara.

Da farko san irin injin da ke hannunka. Idan mai shan fetur gauraye da mai ne, irin Yamaha Enduro 40 da ake gani a Yauri da Tafkin Chadi, ba shi da bawul ɗin da ake saitawa. Matsalarsa galibi tana wajen fetur ko wuta. Setin bawul na injin da ke da ɗakin baƙin mai daban ne, kamar Honda GX160 da GX200, irin na injin ban-ruwa, wanda ake ɗaura wa doguwar sanda mai farfela a tuƙa kwalekwale.

Idan ta kafireta yake harbi

Galibi fetur ne ya yi kaɗan, iska ta yi yawa. Irin wannan haɗi ba ya ƙonewa da wuri, sai bawul ɗin shiga ya buɗe alhali da sauran wuta a silinda, ta biyo baya. Kwance ƙusar da ke gindin kafireta ka tsiyayi fetur a farar kwalba. Idan akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa, kuma a aikin kogi wannan ba baƙon abu ba ne. Wanke jet, ka duba gasket ɗin da ke tsakanin kafireta da injin ko yana shan iska.

Ka tuna kuma ko farfela ta daki dutse ko kututture kwanan nan. Irin wannan duka yana iya karya ɗan ƙarfen da ke riƙe fulayiwil a mazauninsa, sai taimin ya goce, fulogi ya riƙa ba da wuta ba a kan lokaci ba. Alamarsa ita ce igiya ta riƙa fizge maka hannu wajen tayarwa.

Idan ta salansa yake harbi

Nan fetur ne ya fita bai ƙone ba, ya tarar da salansa da zafi. Duba ko an bar cok a rufe. Ciro fulogi ka kalli bakinsa: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi mai toka fetur ya yi yawa, fari fat fetur ya yi kaɗan. A injunan Honda ɗin nan, tazarar bakinsa ta kasance milimita 0.7 zuwa 0.8. Idan kuwa sai lokacin kashewa yake bugawa, laifin hannu ne: a rage wuta ya ɗan yi silo kafin a kashe.

Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sannan a taɓa bawul.

Yadda ake setin

A yi shi a tudu ko a bakin gaɓa, injin ya huce sarai, an fi so da safe kafin a tayar. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, awon da aka yi da ɗumi ƙarya ne. Kana bukatar sifana 10 da 14 da fila geji.

Cire fulogi, ka buɗe murfin bawul. Za ka ga roka biyu: ta ɓangaren kafireta ta shiga ce, ta ɓangaren salansa ta fita. Ja igiya a hankali kana kallo. Rokar shiga za ta danna bawul, ta sake shi. Ci gaba da ja har fistin ya hau sama ƙarshe. Ɗan tsinke mai tsabta ta ramin fulogi zai nuna maka. Kada ka tsaya a rabin hanya, domin waɗannan injuna suna da wata dabara da ke ɗan buɗe bawul ɗin fita don sauƙaƙa jan igiya, kuma za ta ɓata maka awo. Idan fistin ya kai sama, roka biyun duka za su ɗan yi motsi a yatsa.

Awon Honda na GX200 shi ne milimita 0.15 a bawul ɗin shiga, 0.20 a na fita. Idan injinka wani ne, bi abin da littafinsa ya ce. Riƙe babban notin da ke kan roka da sifana 14, ka sassauta ƙaramin da 10. Zura geji tsakanin roka da kan bawul, ka juya babban notin har gejin ya riƙa wucewa da ɗan ja, kamar zare wuƙa daga kube. Riƙe shi a nan ka ɗaure ƙaramin, sannan ka sake aunawa, domin ɗauri yakan motsa seti. Juya injin sau biyu ka ƙara aunawa kafin ka rufe.

Kada son injin ya yi shiru ya sa ka matse. Bawul mai tazara da yawa ƙara kawai zai yi, ƙarfi ya ɗan ragu. Wanda aka matse kuwa ba ya rufewa idan ya yi zafi, wuta tana bi ta gefensa har ta cinye bakinsa. Idan ka gama seti amma igiya tana zuwa sakwaf ba nauyi, mai yiwuwa bawul ya riga ya ƙone ko kabon ya tokare shi. Wannan sai an sauke kan injin, aikin bakanike ne.

Honda ta ce a duba setin duk bayan awa 300 na aiki ko sau ɗaya a shekara. Mai jigila kullum zai cika awannin nan cikin 'yan watanni, don haka ya riƙa lissafi. Kuma ko da gwaji kake yi, kada ka tayar da injin ba filtar iska, kada ka bar jarkar fetur kusa da kafireta. Harshen wuta ɗaya ya isa ya kama ta, kuma a kan ruwa ba inda za a gudu.