Darasi Na 17: Bashin Damina, Tun Kaka A Ke Ƙulla Shi

A darussan da suka wuce mun koyi tarawa da ɗebewa da rabawa. Yau za mu shiga da wannan lissafi cikin gida, mu gwada shi a kan abin da ke hana magidanta barci, wato bashi.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, kuma cinsa ba abin kunya ba ne. Amma bashi iri-iri ne. Akwai rance, maƙwabci ya ba ka tiya biyu ta gero, ka mayar masa da tiya biyu. Akwai na mai shago, sabulu da gishiri da man girki, a biya ran kasuwa. Akwai kuma wanda ya ke haihuwa tun yana hannunka. A ba ka dami ɗaya da damina, ka biya biyu da kaka. Mutanen dā suna kiransa falle. Yanzu ya kan zo da wata riga: ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi ko taki a watan Yuli, a kan za ka kawo masa buhu kaza in an yi girbi, a farashin da shi ya yanka. Malamai sun daɗe suna faɗa cewa ƙarin da a ke ɗorawa a kan bashi riba ne, haramun ne. Duk da haka bai mutu ba, domin mai jin yunwa ba ya ciniki.

In ka tambayi wanda ya faɗa wannan rami, zai ce maka damina ce ta cuce shi. To, bari mu duba da alƙalami mu gani ko damina ce.

A ƙasar Daura, daga Sandamu har Baure, daga Zango har Mai'adua, ruwa ya kan zauna a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Girbi ɗaya ne a shekara ga wanda ba ya noman rani. Abin da ka sa a rumbu a Oktoba shi ne zai riƙe gidanka har wata Oktoba.

Mu ce ga wani magidanci da a ke awon tiya 1 kullum a gidansa. A shekara yana bukatar tiya 365. In buhu tiya 40 ne, buhu 9 ke nan da tiya 5. Bana Allah ya ba shi buhu 12, wato tiya 480. Mutane na ta yi masa barka, shi ma yana jin ya samu.

Ku ɗauki alli.

Tiya 480, a fid da zakka, ɗaya cikin goma, tiya 48. Saura 432.
A ware iri, tiya 10. Saura 422.
A ware abincin shekara, tiya 365. Saura 57.

Kun gani? Mutumin da a ke cewa ya sami buhu 12, abin da ya ke da ikon kaiwa kasuwa bai cika buhu ɗaya da rabi ba. Sauran duk na cikin 'ya'yansa ne, ajiya kawai a ka ba shi.

Amma shi bai yi wannan lissafi ba. Ya leƙa rumbu ya gan shi cike. Ga bikin 'yarsa ya taso, ga dangi na kallo. Ya ɗora buhu 4 a amalanke, ya nufi kasuwar Mai'adua ran Lahadi, a lokacin da kowa ke kai nasa, hatsi ya yi araha. Buhu 4 tiya 160 ne. A ɗebe 57 ɗin da ke nasa, saura 103. Wato ya sayar da abincin kwana 103, wata uku da kusan rabi. Ba zai ji komai ba da sanyin hunturu, ba zai ji ba da bazara. Sai wajen 20 ga Yuni uwargida za ta ce masa, "Maigida, rumbu fa ya ƙare." Daidai lokacin shuka da noman farko ke nan, lokacin da hatsi ya fi tsada, kuma lokacin da jiki ya fi bukatar tuwo.

Sai ya je ya ci falle. Ya karɓi 103, zai biya 206, wato buhu 5 da tiya 6. Yanzu mu ce baɗi ma Allah ya sake ba shi buhu 12. A fid da zakka 48, iri 10, bashi 206. Saura tiya 216. Abincin wata bakwai ne da 'yan kwanaki. Bai yi biki ba, bai yi suna ba, bai sayi ko hula ba, amma rumbunsa zai ƙare tun farkon Mayu, kuma abin da zai nemo bashi ya tashi daga 103 zuwa 149. Ku ninka 149 da kanku, ku ga abin da ke jiransa a shekara ta uku.

Ga shi kuma na yi masa sassauci da na ce zai sake samun buhu 12. Da wuya. Wanda babu abinci a gidansa da damina ƙwadago ya kan tafi, ya nome gonar wani don ya samo awon yini, tasa gonar kuwa ciyawa ta ci. Daga nan sai jinginar gona. Daga jingina sai sayarwa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1967 wata Baturiya masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta bi gida-gida tana duba yadda manoma ke zaune, littafinta ya fito a 1972. Abin da ta tarar shi ne abin da muka lissafa: matalauta su ke sayar da hatsi nan da nan bayan girbi, su dawo su saya da tsada, masu hali kuwa su ajiye. A wancan zamani talaka yana da hujja, don da kaka a ke karɓar haraji, dole ya sayar ya biya. A 1979 Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ya soke haraji da jangali. Amma sayar da hatsi da kaka bai tsaya ba. Abin da dagaci ya daina karɓa, biki da kunyar ido suka gaje shi.

To, me za a yi?

Na fari, kada a taɓa rumbu sai an yi lissafin nan. Kuma ba maigida kaɗai zai yi shi ba. Da yawa daga cikinmu ba mu san tiya nawa gidanmu ke ci ba, uwargida ce ta sani, ita ta san ran da baƙi suka zo aka ƙara awo, ita ta san abin da a ke ba almajiri. Ku zauna tare. In akwai rumbu biyu, a cika ɗaya da abincin wata huɗun damina, a liƙe shi, a ɗauka kamar babu shi. Kakanninmu haka su ke yi, don sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, kuma a ajin nan akwai waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu.

In bukatar kuɗi ta taso, a fara da abin da ba tuwo ba: gyaɗa, riɗi, wake, akuya. Wake ma an sami sauƙi a kansa. Dā a kan yi gaggawar sayar da shi don tsoron ƙwari. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ninki uku da a ke kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu, ba sai an zuba magani ba. Wake ya kan yi watanni lafiya, ka sayar lokacin da ka ga dama.

Sai dai ku lura, ban ce kowace shekara hatsi ke tashi ba. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abinci ya yi tsada ƙwarai, har zuwa 2024. A 2025 kuwa farashin hatsi ya faɗi, taki bai sauko tare da shi ba, waɗanda suka ci bashin taki suka sha wuya wajen biya. Saboda haka ɓoye hatsi don neman riba wani abu ne, yana iya ci yana iya ƙi. Ajiye abincin iyali kuwa wani abu ne dabam. Tiya ɗaya tuwon yini ɗaya ce, ko nawa a ke sayar da ita a kasuwa.

Yanzu maganar biki, wadda ita ce mai wuya. Na san za a ce malami yaro ne, bai aurar da 'ya ba. Ku yi mini afuwa, iyayena, lissafi ba ya duba furfura. Abin da addini ya wajabta a aure sadaki ne, da waliyyi da shaidu. Akwatunan lefe, da anko, da gara mai yawa, da kwanukan da za a jera har rufin ɗaki ba a ci a ciki ba, duk mu muka ɗora wa kanmu. Ban ce a kai yarinya ɗaki hannu biyu ba. Gado da katifa da tukwane dole ne. Amma 'ya ba rana ɗaya ta ke girma ba. Wanda ya sai mata tunkiya tun tana 'yar shekara bakwai, tunkiyar ce za ta yi mata kayan ɗaki, rumbu na nan a liƙe. Ku kuma mata, gudummawar biki da ƙawa ke kawowa, wadda a al'ada a kan mayar da ninkinta in nata ya zo, ita ma bashi ce, ko da da guɗa aka kawo ta. Ku riƙa rubuta wa ya kawo, nawa ya kawo. Adashi ya fi ta sauƙi, don abin da kika zuba shi za ki kwasa, muddin uwar adashi mai amana ce kuma zubin bai fi ƙarfinki ba.

Akwai kuma ƙananan ɓeraye. Goro, shayi, sigari, katin waya. Wanda ke kashe naira 300 kullum a kan waɗannan, a wata ya kashe naira 9,000. Ku rubuta na mako guda kawai, kada ku ɓoye ko ɗaya, sannan ku yanke wanda za a rage. Caca kuwa, ta waya ce ko ta shago, ba ragewa a ke yi ba, bari a ke yi.

Wanda bashi ya riga ya hau kansa fa? Ya sami takarda ya jera su duka: sunan mai bi, nawa ne, yaushe za a biya. Da yawa ba su san jimlar abin da a ke binsu ba, tsoron sani su ke yi. Sannan ya fara da wanda ke haihuwa, ko da zai sai da akuya ko ya kai kuɗin cin rani kacokan. Sai fansar gona in tana jingine, don ita ce uwar abinci. Rancen ɗan'uwa ba ya ƙaruwa, amma kada a bar shi shiru. In ka ga ranar biya za ta zo ba ka da shi, je ka same shi tun kafin ranar, da ko kaɗan ne a hannunka. Mai canja hanya in ya hango mai binsa, ya rufe wa kansa ƙofar gobe. Kuma kada a ci sabon bashi mai ruwa don a biya tsohon.

Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda iyaka ce kawai ta raba mu da su a Kongolam, suna da wata dabara da ta dace mu sani. Tun 1999, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma su kan tara hatsinsu a sito ɗaya bayan girbi. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da bashi. Kowa ya karɓi kuɗi gwargwadon buhunansa, ya yi sana'ar rani, ya biya, a buɗe sito gab da damina ya ɗauki hatsinsa. Kuɗi sun samu da kaka, hatsi bai bar gari ba. Da Faransanci suna ce masa warantaj. Mutum ɗaya ba ya iya yinsa, sai jama'a, kuma sai da mai iya rubutu da zai riƙe littafin sito.

Rubuta bashi ba dabarar boko ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka: a rubuta bashi da lokacin biyansa, a kafa shaidu, kuma wanda a ke bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta. Ga yadda za ku tsara takardar:

Yau ranar kaza ga watan kaza, shekara ta kaza. Ni wane ɗan wane, na garin kaza, na karɓi gero tiya 20 a hannun wane. Zan biya shi gero tiya 20 ranar kaza. Shaidu: wane da wane.

Kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba tukuna ya dangwala yatsa. A yi guda biyu, kowa ya riƙe ɗaya.

Aikin gida

1. A gidan wani a kan yi awon tiya 2 kullum. Buhu nawa mai tiya 40 zai ishe su shekara?
2. Wani ya ci fallen tiya 60. Buhu nawa zai biya da kaka?
3. Tambayi uwargida awon gidanku, ka auna abin da ke rumbunka yau. A wane wata zai ƙare? Rubuta sunan watan a littafinka. Wannan ba sai ka nuna wa kowa a aji ba.
4. Kwafi takardar bashin nan sau biyu da hannunka, ka zo da ita ran Litinin.